Soɓorodon Hadijatu Ya Hau Jirgin Ruwa

Unguwar Yelwa, Garwa,
14 ga Mayu, 2012.

Zuwa ga ƙanena Hamadu Mailafiya, a Wad Madani, ƙasar Sudan.

Assalamu alaikum wa rahmatullahi wa barakatuhu. Bayan gaisuwa mai tarin yawa da begen ganinka, ina roƙon Allah Ya sa wannan takarda ta same ka cikin ƙoshin lafiya, kai da iyalinka da duk wanda ke cin abinci a gidanka. Na ji labarin ciwon idon da ya dame ka bara, na kuma ji an yi aiki an dace. Allah Ya ƙara sauƙi, Ya bar maka ganinka har iyakar kwanakinka. Mu nan muna lafiya, sai godiyar Allah. Matata Mairamu tana fama da gwiwa, sallah ma yanzu a kan kujera take yi, amma bakinta na nan da ƙarfinsa kamar yadda ka sani. Yaya Kaltumi ta tsufa ƙwarai, ba ta fita, sai dai duk wanda ya shiga gaishe ta sai ta tambaye shi ko akwai labarin Hamadu. Zafin bana ya gasa mu sosai a Afrilu, amma ruwan farko ya sauka makon jiya, gari ya ɗan yi sanyi.

Abin da ya sa na zauna rubuta maka doguwar takarda, maimakon gaisuwar minti biyu da muke yi a waya, labari ne da nake so ka karanta a tsanake, ka kuma karanta wa 'ya'yanka. Ka san gidanmu. Tun da kakanmu ya iso garin nan daga Kano da jakunansa, mu masu karɓar kaya ne. Ka tuna muna yara, idan kogin Binuwai ya cika a watan Agusta jiragen ruwa suka iso, Baba yakan kai mu tasha mu tsaya muna kallon ana sauke gishiri da siminti da bandiran yadi. Auduga da gyaɗar da ake lodawa a koma da su na manyan kamfanoni ne, namu shi ne abin da aka sauke. Jiragen sun daina zuwa, tashar ta zama kufai, amma sana'ar ba ta canza ba, sai dai yanzu kayan ta tashar teku ta Duwala suke biyowa. Shekara arba'in da biyar ke nan ina zaune a kantin babbar kasuwa, ban taɓa sayar wa wata ƙasa ko da allura ba, kuma ban taɓa ɗaukar wannan abin damuwa ba.

Hadijatu ce ta fara sa ni tunani, autar Mairamu, wadda ka bari tana 'yar firamare a zuwanka na ƙarshe. Yanzu matar aure ce da 'ya'ya biyu, mijinta Abdurrahman malamin makaranta ne, mutumin kirki. Ta gama jami'ar Ngaundere da ilimin sarrafa abinci, ta yi jarrabawar shiga aikin gwamnati har sau uku ba ta samu ba, sai ta riƙa zuwa kanti tana taimaka mini. Wata rana da kasuwa ta yi sanyi, na ga ta bi kantoci tana ɗaga kaya ɗaya bayan ɗaya tana karanta rubutun jikinsu. Shinkafa daga Tailan, tumatirin gwangwani daga Sin, madara daga Holan, taliya daga Turkiyya, kifin gwangwani daga Maroko, har tsinken sakace daga ƙetaren teku yake. Da ta gama, abin da ta samu na ƙasarmu man auduga ne da sabulu da sukari. Ta ce mini, Baba, kantinmu taron ƙasashen duniya ne, amma Kamaru kujerar bakin ƙofa aka ba ta. Na yi dariya na ce ta je ta auna wa mai jira shinkafarsa.

Bayan 'yan watanni ciwon baya ya kwantar da ni daidai lokacin da kayanmu suka iso Duwala, sai na tura ta a madadina, da yardar mijinta. Gaston ne ya karɓe ta, mutumin da ya shekara ashirin yana fitar mana da kaya daga hannun duwan, wato kwastan. A tashar jiragen ta ga kontenoni jibge kamar unguwa guda, ana ɗaga wasu ana mayarwa jirgi da sauƙi kamar kwali. Ta tambayi Gaston me ke ciki, ya ce iska. Ya bayyana mata cewa da yawansu cike suke shigowa su koma fanko, domin abin da ƙasar ke saye daga waje ya fi abin da take sayarwa, kuma abin da ke fita ɗin ma katako ne da koko da auduga da ɗanyen mai, kayan manya, ba na irinmu ba. Ya ce saboda haka ma kuɗin fitar da kontena bai kai na shigo da ita ba. Ta dawo Garwa da wannan magana a ranta, ta ƙi barin ta.

Abin da ta zo mini da shi kuwa, Hamadu, soɓorodo ne. Wanda mutanen nan ke kira follere, ku kuma can kuke ce masa karkade. Yakuwar nan da mata ke shukawa a kan iyakar gona don kada a ci musu ƙasa, a yi miya da ganyen, a jiƙa furen a ƙulla a leda a sayar a bakin makaranta. Ta ce Turawa shayi suke yi da shi, kuma a wani bajekolin kaya da ta halarta a Yawunde ta haɗu da wakilin wani kamfani na Jamus, ta aika musu da ɗan samfuri, sun ce idan za ta iya cika kontena guda, tan goma sha biyu, busasshe tsaf ba yashi ba ƙaiƙayi, za su saya. Na ce mata mu 'yan kasuwa ne tun kaka da kakanni, da akwai arziki a follere da wani ya riga ta gani. Ta ce mutanen Mubi sun riga sun gani, duk shekara suna tsallakowa su kwashe a banza su kai Legas, a can a rubuta masa sunan wata ƙasa. Sai na ce ba ruwana.

Ba ta tsaya jirana ba. Ta sayar da sarƙarta da filin da mahaifiyarta ta ba ta, mijinta ya ƙara da abin da yake da shi. Ta nemo ƙawarta ta jami'a, Geneviève, 'yar Pitowa, wadda ke jagorancin ƙungiyar mata manoma a can. Su biyun suka bi ƙauyuka a kan babur tun kafin damina, Pitowa da Ngong da kewayensu, suna lallashin mata su ba yakuwa kadada sosai maimakon iyakar gona. Mata kusan ɗari uku suka yarda. Abu ɗaya ta roƙe ni, wurin ajiya. Ina da babban sito a bayan kasuwa, mai daɓen siminti da rufi mai kyau, cike da shinkafa. Ina kuma da tsohon ɗakin nan na Baba a bakin tsohuwar tasha, wanda na shekara da shekaru ina ajiye gangunan kananzir da busasshen kifi a ciki. Da Mairamu ta matsa mini, sai na miƙa makullin tsohon ɗakin. Hadijatu ta karɓa da hannu biyu tana godiya, ta sa aka wanke shi, aka yi masa farin ƙasa.

Damina ta yi kyau, furen ya yi ja wur. Daga Nuwamba zuwa ƙarshen Disamba buhuna suka riƙa shigowa a kan amalanke da babura har ɗakin ya cika. A kasuwa kuwa an samu abin hira. Abokaina na shekaru suna tsokanata wai yaushe Hajiyar Jamus za ta kai mu yawon buɗe ido, ni kuma ina taya su dariya. Allah Ya yafe mini. A tsakiyar Janairu kamfanin ya aiko mai duba kaya daga Duwala, wani dattijo mai suna Robert, mai ƙarancin magana. Ina tsaye a wurin. Ya farke buhun sama ya shinshina, ya gyaɗa kai. Ya sa aka jawo na ƙasa, na jikin bango, ya cusa hancinsa, ya ɗago ya ce kalma ɗaya: kananzir. Yini guda ya yi yana bin buhunan. Da yamma ya ce kashi ɗaya cikin uku ya ɗauki wari, ba gyara, sauran kuma akwai yashi da tsinke, sai an sake tsincewa. Ya ce jirgin da aka kama wa wuri zai tashi makon farko na Maris. Idan kayan ba su cika ba, kamfanin zai nemi wani, kuma da wuya su sake sauraron kowa daga Garwa.

Ban ga hawaye a idon Hadijatu ba. Ta juyo ta ce mini, Baba, laifina ne, ni na karanta abinci, ya kamata in san wanki da farin ƙasa ba sa kashe warin da ya shekara ashirin a bango. Wallahi, ƙanena, da zagina ta yi da ya fi mini sauƙi. Domin ni na sani. Na san ko sukari ba na yarda a kwana da shi a ɗakin nan. Na ba ta shi ne don a zuciyata na riga na yanke cewa abin wasa ne, ba zai kai ko'ina ba, bai cancanci in motsa buhun shinkafa ɗaya ba. Washegari bayan sallar asuba na tara ta da mahaifiyarta da mijinta da Geneviève a zaure, na faɗa musu haka da bakina, ban rage komai ba, na nemi gafararta. Ta sunkuyar da kai ta ce ita ba ta riƙe ni da komai ba. Mairamu ce dai ta ce to an ji, sai a tashi a yi aiki, tuba ba ya cika buhu.

A ranar na kwashe shinkafar babban sito. Wasu buhunan na raba a kantunan maƙwabta, wasu a zaure, wasu har ɗakin kwanana, sai da na riƙa bi ta gefe kafin in kai gado. Sannan na ɗauki waya. Mutanen da na shekara arba'in ina kira don in sayar musu da kaya, a Marwa da Gidar da Mokolo da Lere ta ƙasar Cadi, yanzu na kira su ina neman saye. Wani ya ɗauka na zauce. Matsalar ita ce kaka ta wuce, mutanen Mubi sun riga sun share kasuwanni. Geneviève ta hau babur ta nufi ƙauyukan Rai Buba, ta kwana tara tana bi gida gida, ta dawo da zazzaɓi da kaya cike da mota. Matan Pitowa kuma, da suka ji abin da ya faru, sai suka fara fito da wanda suka ɓoye don shan gida. Wata tsohuwa ta zo da ƙwarya ɗaya tak a kanta, ta ce a zuba, ita ma tana son nata ya ga teku. Mata saba'in suka zauna a sito mako huɗu, kawunansu a ɗaure, suna tankaɗewa suna tsincewa fure bayan fure a kan tebura. Ni kuma aka ba ni sikeli, ina awo.

Akwai abu ɗaya da nake so ka sani game da 'yarka. Masu haɗa abin sha na cikin gari sun zo sun ce a sayar musu da mai warin nan a rahusa, idan aka zuba citta da sukari ba mai ganewa. Ni kaina na so a karɓa, domin asarar ba ƙarama ba ce. Ta ƙi. Ta ce abin da Bature ba zai sha ba, ɗan Garwa ma ba zai sha ba. Aka kai shi gona aka binne ya zama taki. Da Robert ya dawo a ƙarshen Fabrairu, ya bi buhuna yana shinshinawa kamar wancan karon, ya tafasa kaɗan a kofin gilashi, ya ɗaga shi ga hasken rana, ya kurɓa. Mata saba'in sun zuba masa ido. Ya ajiye kofin, ya zaro alƙalami ya sa hannu. Guɗar da ta tashi a siton nan, an ce har masu nama a ƙarshen kasuwa sun ji ta.

Na ce ƙafata ƙafar kayan nan har Duwala, duk da Mairamu ta ce tsoho mai ciwon baya ba shi da aiki a kan kamiyo, wato motar kaya. Manyan motoci biyu muka yi, domin furen ba nauyi gare shi ba, cin wuri ne. Ni ina gaba tare da direba Mahamman, Hadijatu da mijinta suna cikin ta biyu. Muka hau dutsen Ngaundere a hankali kamar masu rarrafe, muka gangara kudu. Bayan Bertuwa hadari ya taso mana, irin ruwan kudu da ba ya sallama, alhali ɗigo kaɗan ya isa ya sa kayan su yi fumfuna. Tamfol uku uku muka rufa tun daga gida, amma iska ta ɓalle igiyar gefe ɗaya. Mahamman ya haye sama cikin ruwan, ni da Abdurrahman muka riƙe igiya daga ƙasa muna ja, rigata ta manne a jikina, hulata ta tafi ban sake ganinta ba. Da muka buɗe a Duwala bayan kwana biyar, buhu biyu ne kawai suka jiƙe, kuma Hadijatu ta riga ta yi guzurin goma a kan adadi.

Gaston ya kai mu ofishin duwan. Jami'in da ke wurin ya san sunan Mailafiya shekara da shekaru, yana ganina ya jawo takardar shigo da kaya ya fara cikewa, yana tambayata shinkafa ce ko madara. Hadijatu ta tura masa nata takardun ta ce fita ne, ba shiga ba. Ya karanta, ya sake karantawa, ya cire tabarau, ya miƙe tsaye ya ba ni hannu. Na nuna masa ita na ce ga mai kayan nan, ni ɗan rakiya ne. Ranar lodi Gaston ya samo mana izinin shiga tasha. Kontenar shuɗiya ce, duk ta sha duka, ba ta fi sauran kyau ba, amma kowane buhu a cikinta an buga masa Garwa, Kamaru. Na ga ƙugiyar ta sauko ta kama ta, ta ɗaga ta sama, wannan karon injin yana nishi. Gaston, don kada mu cika baki, ya ce kontena ɗaya ba za ta motsa ma'aunin ƙasa ba, wannan jirgin kaɗai ɗaruruwa ya sauke. Na ce masa na sani. Amma ni Baba na tuna, tsaye a bakin Binuwai da carbinsa, sai na ji fuskata ta jiƙe, ban kuwa ɓoye ba.

Mako bakwai muka yi muna jira. A ƙarshen Afrilu saƙo ya iso cewa kaya sun sauka lafiya, an gwada an karɓa, kuma suna son kontena uku baɗi. Riba bana ba a samu ta kirki ba saboda wancan da aka binne, amma kowace mace ta karɓi haƙƙinta cif, har da ƙarin da aka yi musu alkawari. Aka yi taro a Pitowa ƙarƙashin itatuwan mangwaro, liman ya yi addu'a, fasto ya yi tasa, sannan aka saki ganguna. Geneviève ta yi rawa har takalminta ya tsinke. Cikin masu tsokanata a kasuwa, biyu sun riga sun zo mini a ɓoye suna tambayar ko Hajiya za ta karɓi nasu idan suka shuka. Na ce su je su same ta da kansu, ofishinta na babban sito, a cire takalmi kafin a shiga.

Yanzu ga buƙatata gare ka. Mutanen Jamus sun ce namu ya yi tsabta, amma na ƙasarku ya fi duhun ja da kaurin fure, shi ne ma'aunin da suke gwada kowa da shi. Hadijatu tana son ta gwada irinku a ƙasarmu. Malam Dawuda, wanda zai miƙa maka wannan takarda, zai juyo ta Njamena bayan mako uku. Ka taimaka ka samo mana iri mai kyau, na bana, daga hannun manomin da ka amince da shi, ko mudu biyar ne, tare da takardar hukumar gona ta wajenku don kada a tsare shi a iyaka. Ka tambayi manomin tazarar da suke bari tsakanin shuka da lokacin da suke tsinka, ka rubuto dalla-dalla. Kada ka yi nawa, Hamadu. Shuka a ƙarshen Yuni ne, kuma bana mata ɗari bakwai ne suka rubuta suna, sun riga sun share gonakinsu suna kallon sama.

Ka gaishe mini da matarka Hawa'u da kyau, ka ce mata Mairamu na yi mata godiyar turaren da ta aiko. Ka gaishe da Hindu da mijinta da jaririnsu, Allah Ya raya shi a kan sunna, da sauran yara duka, manya da ƙanana. Yaya Kaltumi ta ce in gaya maka tana son ta gan ka kafin ta koma ga Ubangijinta, ka ji dai da kunnenka. Hadijatu da Abdurrahman suna durƙusawa suna gaishe da Baffansu, suna neman albarkarka. Allah Ya tsare ku, Ya yalwata muku, Ya haɗa fuskokinmu cikin alheri.

Wassalam. Ni ne yayanka,
Isa Mailafiya.